Sulken Maƙeri da Mashi Mai Dafi

Gidan Gyaran Hali,
8 ga Mayu, 2023.

Yaya Juwairiyya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ku lafiya, ke da Inna da duk mutanen layinmu na Tudun Wada. Yaya gwiwar Inna? Ki ce mata ni lafiyata ƙalau. Ƙaiƙayin nan ya ragu tun da na fara shafa man da kika aiko. Malam Jamaluddeen direba ya kawo shi tare da ƙuli-ƙulin da yajin. Allah ya saka masa, don ba ƙaramin aiki ba ne mutum ya sauke lodin albasa a nan Kudu sannan ya zo ya bi layin masu ziyara.

An sake ɗage shari'ar zuwa sha biyu ga Satumba. Lauya ya ce ranar zai nemi beli. Wata goma sha huɗu ke nan tun da aka ɗauke ni daga shagona saboda wayar da aka kawo mini gyara, wadda ban san ta sata ba ce, kuma har yau ba a gano wanda ya kawo ta ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo. Kada ki yi dariya, kada kuma ki yi fushi.

Kin tuna wasan da ni da Kailani muke yi a zaure muna ɗalibai, wanda Inna ta ɗauka caca ce har ta kore mu da tsintsiya? Ba caca ba ce. Mutum ɗaya ne yake jan labari, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, wani falke, wani maharbi. Idan mutuminka zai yi abu mai wuya sai a jefa ƙwayar ludo, lambar da ta fito ita ke nuna ya yi nasara ko bai yi ba. To, na farfaɗo da shi a nan. Mun sassaƙa ƙwaya biyu da sabulu. Mu bakwai ne, kullum bayan la'asar kafin a rufe mu.

A cikinmu akwai wani dattijo, Baba Nagoda. Manomi ne, rikicin gona ya kawo shi, shekararsa takwas yana jiran shari'a. Da na zo, ban taɓa jin muryarsa ba sai in yana salla. Wata rana ya matso yana saurarenmu, sai ya ce a ba shi maƙeri. Ya sa masa suna Attahiru. Yaya, tun daga ranar Baba yake magana. Ya san sunan matar maƙerin, ya san irin gawayin da yake hura wuta da shi, har abinci ya koma cinyewa.

Ranar Alhamis wani ɗan fashi a cikin labarin ya jefi maƙerin da mashi mai dafi. Na jefa ƙwaya, mashin ya same shi. Na sake jefawa don a ga girman raunin, uku ta fito. Amma maƙerin yana sanye da sulke, kuma a ƙa'idarmu sulke yana cinye uku. Kin ga babu rauni ke nan ko kaɗan. Ina shirin wucewa sai Malam Uzairu, wani tsohon akawu da muke wasan da shi, ya ce, “To dafin fa?”

A wasan, wanda dafi ya kama mutuwa yake yi, sai in akwai mai magani a ayarin mutanen labarin, mu kuma ba mu da shi.

Baba ya ce, “Malam, ƙarfe bai taɓa fatarsa ba. Ta ina dafin zai shiga?”

Malam Uzairu ya ce, “Ba abin da hankali ya ce muke bi ba, Baba, abin da aka rubuta muke bi.” Ya rantse cewa a watan Janairu haka aka yi wa maharbinsa, kibiya ta same shi ba rauni, na ce dafi ya kama shi, ya mutu. Ni lokacin zazzaɓi nake fama da shi, wallahi ban tuna ba.

Don Allah ki buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona. Akwai littafin rubutu mai koren bango, a ciki muka rubuta ƙa'idojin. Ki kwafo mini wurin da aka yi maganar dafi, kalma da kalma, kada ki gyara komai.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta ci gaba da sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Adnan.

*

Tudun Wada, Zariya,
27 ga Mayu, 2023.

Adnan,

Wa alaikumus salam. Mun ga takardarka, mun gode Allah da jikinka ya yi sauƙi. Mu ma lafiya. Gwiwar Inna tana nan jiya i yau, a zaune take salla yanzu. Jininta ya hau makon jiya amma ya sauka. Ruwa ya fara sauka, mun yi shuka a bayan gida.

Na fara karanta wa Inna wasiƙarka da ƙarfi kamar yadda na saba. Ina zuwa wurin mashi sai ta dafe ƙirji ta ce, “Innalillahi, wa aka soka?” Da ƙyar na fahimtar da ita cewa mutumin babu shi a duniya. Sannan ta ce, “Har yanzu bai bar cacar nan ba?”

Zan faɗa maka gaskiya, raina ya ɓaci. Ni ina zarya tsakanin makarantar da nake koyarwa da asibitin Inna da kiran lauyan da ba ya ɗaga waya sai ya ga dama, kai kuma ka cika takarda biyu da maƙerin da babu shi. Na ajiye wasiƙar kwana uku ban ko kalli ɗakinka ba. A rana ta huɗu na sake karanta wurin da ka ce dattijon ya koma cin abinci, sai na ɗauko mukulli.

Littafin yana nan, amma ka san ɗakinka yana yoyo ta kusurwa, kuma ruwan bara ya shiga akwatin. Wasu shafukan sun manne da juna, sai da na shanya shi na raba su da bakin wuƙa. Ga abin da ke shafi na tara, da rubutunka:

“Ƙa'ida ta goma sha ɗaya. Idan makami mai dafi ya s..i mutum, dafin ya kama shi, sai in an kawo mai magani kafin faɗuwar rana.”

Inda na sa ɗigo biyu, tawada ce ta narke ta zama shuɗin tabo. Harafin farko yana nan, na ƙarshe yana nan, biyun tsakiya sun tafi. Ni na ce “soki” ne. Na kai wa wata abokiyar aikina da ta fi ni iya karanta mummunan rubutu, ta ce “sami” ne. Na duba gaba da baya, babu inda aka sake maganar.

Ka ce kada in gyara komai, ban gyara ba. Amma kai ne ka ƙirƙiri wasan. Ka ce “soki” ne kawai a wuce wurin, wa zai ƙaryata ka?

Na sa maka garin kunu da sabulun wanka. Na wanka ne, ba na sassaƙa ba.

Yayarka,
Juwairiyya.

*

Gidan Gyaran Hali,
15 ga Yuni, 2023.

Yaya,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Lafiyata ƙalau, sai ɗan tari da ruwan nan ya kawo, a nan kwana uku ake yi ana ruwa ba tsayawa. Ki ba Inna haƙuri da tsoron da na ba ta.

Na karanta musu wasiƙarki yadda take, har da ɗigon biyu. Malam Uzairu ya ce “sami” ne, tunda mashin ya same shi magana ta ƙare. Baba ya ce “soki” ne, kuma ba a soki Attahiru ba. Mutum uku suka bi Baba, ɗaya ya bi Malam Uzairu.

Kin ce in yanke kawai. Na yi ta tunanin haka kafin in karanta musu. Zan iya cewa kin rubuto “soki”, Baba ma bai iya karatu ba. Amma Malam Uzairu zai ce in nuna masa, kuma ko bai ce ba, ba zan iya ba. Yaya, duk wanda ke nan an yanke masa wani abu ba a nuna masa inda aka rubuta ba. Wasan nan ne kaɗai wurin da mutum zai ce me ya sa, a ba shi amsa. Idan na fara yin ƙarya a ciki, ya zama kamar sauran abubuwan gidan nan.

Na ce mu ajiye wannan labarin mu fara wani kafin amsa ta zo. Baba ya ƙi. Ya ce ba zai bar Attahiru tsaye da mashi a ƙirji ya tafi wani gari ba. Yanzu bayan la'asar sai mu taru mu zauna kawai. Kullum da safe yana tambayata, “Malam, takarda ta zo?” Ya fara rage abinci kuma.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, a labarin an kulle ayarinmu ne a cikin wani gari mai ganuwa, kuma maƙerin ne kaɗai zai iya fasa kwaɗon ƙofar yamma. In ya mutu, sauran ba su da mafita. Malam Uzairu ya san haka sarai, amma ya ce gara duk a mutu a kan ƙa'ida. Ba mugu ba ne. Shi ma shekararsa uku a nan, kuma yana son maharbin nan nasa.

Saura mutum ɗaya da zai iya tunawa: Kailani. Na ji an ce ya sami aikin gwamnati, yana zaune a Hanwa. Na san na dame ki, amma don Allah ki neme shi bayan Salla.

Kada ki damu da masu duba wasiƙa. Gandiroban da yake karanta na Hausa mutumin kirki ne, ya san wasanmu, har tambayata yake yi ko maƙerin ya tashi.

Barka da Salla tun yanzu.

Ƙaninki,
Adnan.

*

Tudun Wada, Zariya,
6 ga Yuli, 2023.

Adnan,

Assalamu alaikum. An yi Salla lafiya. Inna ta soya maka naka kason naman layya, yana cikin gwangwanin nan, ka ba dattijon. Ta ce ka riƙa shan ruwan ɗumi saboda tarin.

Na je Hanwa ranar Asabar. Gida uku na shiga kafin a nuna mini na Kailani. Ya yi ƙiba, da ƙyar na gane shi. Da na gaishe shi ya ɗauka wata alfarma na zo nema a kan shari'arka, fuskarsa duk ta canza, ya fara cewa shi ƙaramin ma'aikaci ne. Na ce masa ba wannan ya kawo ni ba, na miƙa masa littafin da wasiƙarka.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Can kuma sai ya daina, ya zauna yana juya shafukan. Ya ce, “Yaya, ban taɓa zuwa na gaishe da Inna ba tun da abin nan ya faru.” Na ce, “Mun lura.”

Ga amsarsa, na sa ya faɗa a hankali na rubuta:

“Dafi ba ya aiki sai ya shiga jini. Duk mai son ya gama da mai sulke, ya nemi inda sulken bai rufe ba, wuya ko hammata, ya soka a nan. Ku bakwai kun isa ku fasa ƙofar yamma ku fita, in dai maƙerin yana tare da ku.”

Na ji daɗi, har na miƙe zan tafi. Sai ya ce in tsaya. Ya ce wannan ra'ayinsa ne shi. Ya ce a kan wannan ƙa'idar kun taɓa yin musu har kuka yi kwana biyu ba ku magana, kai kana cewa taɓawa kaɗai ta isa, shi yana cewa sai an ga jini. Kai ne ka riƙe biro ranar, kuma bai tuna wanda ya yi nasara ba.

Da zan iya ɓoye maka wannan ƙarshen, da na ɓoye. Amma tunda ka ce ba ka son ƙarya, ga shi nan.

Adnan, na yi iya abin da zan iya. Yanzu ka rufe maganar nan, ka mai da hankalinka kan sha biyu ga Satumba. Shekararka ashirin da tara, ya kamata a ce ka wuce wannan.

Yayarka,
Juwairiyya.

*

Tudun Wada, Zariya,
30 ga Agusta, 2023.

Adnan,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kai fa?

Wata biyu ke nan babu ko layi ɗaya daga gare ka. Malam Jamaluddeen ya miƙa wasiƙata da gwangwanin naman a ƙofa, aka karɓa. Da ya koma bayan mako biyu aka ce ba za ka fito ba. Ya sake komawa, aka ce an hana ka ziyara. Ya tambayi dalili, aka ce ya kama gabansa.

Da farko na ɗauka fushi ka yi saboda abin da na rubuta a ƙarshe, cewa ya kamata ka wuce wannan. In shi ne, ka yafe mini. Na gaji ne ranar, na dawo daga Hanwa ruwa ya dake ni. Ka yi wasanka. Zan je Hanwa sau goma in kana so.

In kuma tarin ne ya kwantar da kai, ka sa wani ya rubuto.

Inna na ce mata hanya ce ta lalace, motoci ba sa zuwa. Jiya ta ce, “To albasar Jamaluddeen ta sama take tafiya?” Tun daga nan ta daina tambaya, kuma wannan ya fi tambayar damuna.

Wannan takardar ta hannun lauya na aiko. Ko kalma ɗaya ce ka rubuto.

Yayarka,
Juwairiyya.

*

Gidan Gyaran Hali,
19 ga Satumba, 2023.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina raye, ina da lafiya daidai gwargwado. Ban yi fushi da ke ba. Ki karanta wannan ke kaɗai kafin ki gaya wa Inna komai.

Wasiƙarki ta watan Yuli ba ta zo hannuna ba. A ofis na gan ta, a kan tebur, an ja layi da jan biro a ƙarƙashin maganar Kailani. An canza wa gandiroban nan mai jin Hausa wurin aiki kafin Salla. Wanda ya maye gurbinsa ba ya jin Hausa, sai ya sa wani ya fassara masa. Abin da suka ji shi ne dafi, jini, a soki mutum a wuya, mu bakwai, a fasa ƙofar yamma a fita. Yaya, gidan nan yana da ƙofa ta yamma. Ban taɓa lura ba sai ranar.

Na yi bayani har muryata ta dushe. Aka kwashe takardun wasan da ƙwayoyin sabulun, aka sa ni a ɗakin horo ni kaɗai kwana ashirin da uku.

Sauran shida an kira su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Baba Nagoda aka ce masa, “Wane ne maƙerin?” Ya ce, “Ni ne.” Aka ce, “Kai ne za ka fasa ƙofar?” Ya ce, “In dafin bai kama ni ba.” Baba bai san ana wata magana daban ba. Malam Uzairu ya ce ya roƙa a ba shi ƙwayar ya nuna musu yadda ake wasan, suka ce akawu ne, ya iya tsara ƙarya.

An raba mu. Ni da Malam Uzairu muna ɓangare ɗaya, Baba yana can ƙetaren fili, daga nesa nake hango shi. An gargaɗe ni cewa in aka sake jin kalma ɗaya ta wasan nan a bakina zan koma ɗakin horo.

Ranar sha biyu an je kotu. An sa rahoton zargin a cikin fayil ɗina. Alƙali ya ce ba zai ba da belin wanda ake zargi da shirin gudu ba sai an bincika. An ɗage zuwa Fabrairu.

Ba laifinki ba ne. Ni na ce ki rubuta kalma da kalma, ni na ce kada ki damu da masu dubawa. Lauya ne zai fitar da wannan a jakarsa, shi ya sa na faɗi komai. Amma naki saƙon, ko ta hannunsa ne, ki rubuta shi kamar wani zai karanta.

Ƙaninki,
Adnan.

*

Tudun Wada, Zariya,
9 ga Oktoba, 2023.

Adnan,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Inna tana gaishe ka. Na gaya mata an ɗage zuwa Fabrairu, ban gaya mata dalili ba. Ta ce Allah ya kai mu, ta juya fuskarta bango.

Ka ce ba laifina ba ne. Na ji. Amma hannuna ne ya rubuta. Ina tsaye a gaban allo ina koyar da yara sai in ga layin nan a idona, in rasa inda na tsaya. Wannan takardar sau huɗu ina yaga ta ina sakewa, duk kalmar da na rubuta sai in ga za a iya juya ta.

Na koma Hanwa na roƙi abokinka ya rubuta takardar shaida cewa abin da ya faɗa maganar wasa ce. Ya ce zai rubuta. Na koma, aka ce ya yi tafiya. Na kira, wayarsa a kashe. Matarsa ce ta fito ta ce mini yana tsoron aikinsa, in yi haƙuri.

Littafin na ba Malam Jamaluddeen ya kai wa lauya, ko kotu za ta duba ta ga abin da yake. Lauya ya ce zai gwada, amma kada mu sa rai sosai.

Kafin in ba da shi na yi wani abu. Akwai dabarar da 'yan ajina suke yi in suna son ganin abin da wani ya rubuta ya yage: su goga fensir a hankali a kan shafin da ke ƙasa. Kai kuma danna biro kake yi kamar za ka huda takarda. Na goga a shafi na goma sha ɗaya, wanda ke ƙarƙashin na tara, layin ya fito fari tas. Kalmar da ruwa ya ɓata mai “m” ce, ba mai “k” ba. Na duba sau uku a rana, na so ƙwarai a ce na yi kuskure.

Da na yi tunanin wannan tun watan Mayu, da ban je Hanwa ba sam.

Ka yi abin da ka ga dama da amsar. Ka gaishe mini da dattijon in ka sami hanya.

Yayarka,
Juwairiyya.

*

Gidan Gyaran Hali,
2 ga Nuwamba, 2023.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo jiya ta hannun lauya. Lafiyata ƙalau, tarin ya tafi. Ki rungume mini Inna. Kada ki sake zuwa Hanwa, ki bar shi.

Gaisuwarki ba za ta isa wurin Baba ba. An tafi da shi kwana takwas kafin ta zo.

Da safe ne, muna share fili. Aka shigo da babbar mota, aka fara kiran sunaye, mutum arba'in da za a mayar wani gidan saboda cunkoso. Na ji an kira Nagoda. Ya fito da ɗan ƙullin kayansa, ya rame har wandonsa yake riƙewa da hannu ɗaya. Sai da mutum biyu suka ɗaga shi ya hau.

Da ya zauna sai ya fara waige-waige. Ya hango ni. Ya kama ƙarfen motar ya miƙe, ya ɗaga murya, irin muryar da ban taɓa jin yana da ita ba.

“Malam! Ya kama shi ko bai kama ba?”

Gandiroban da ya kai ni ɗakin horo yana tsaye kusa da ni, har ina jin numfashinsa. Ya kalle ni. Yaya, na buɗe baki, na tuna ɗakin nan, na tuna Fabrairu, na tuna Inna. Na sunkuyar da kai na ci gaba da shara.

Baba ya sake kira, “Malam!”

Sai na ji an yar da tsintsiya a bayana. Malam Uzairu ne. Ya yi taku uku gaba, ya sa hannu biyu a baki, ya ce, “Bai kama shi ba, Baba! Takarda ta zo! Attahiru lafiyarsa ƙalau!”

Daidai lokacin direban ya tayar da injin. Na ga bakin Baba yana motsi, ya sa hannu a bayan kunne. Ban san ko ya ji ba. Motar ta fita, aka rufe ƙofa.

An sa Malam Uzairu a ɗakin horo kwana bakwai. Shekaranjiya ya fito. Abin da ya fara tambayata shi ne, “Kana ganin ya ji?” Na ce ya ji. Na tambayi ma'aikata uku inda aka kai su, kowa da garin da yake faɗa.

Jiya da na gama karanta takardarki Malam Uzairu yana zaune a gefena. Ya ce, “Akwai wani labari daga gida?” Na san abin da yake nufi. Wata shida yana cewa shi ne mai gaskiya, kuma shi ne. Na naɗe takardar na sa a aljihu, na ce masa Inna ce take gaishe mu.

In Malam Jamaluddeen zai zo, an ce za a buɗe mini ziyara a ƙarshen wata. Ki aiko da bargo, nawa na ba Malam Uzairu.

Ƙaninki,
Adnan.